Tsirkiya Ba Ta Da Alkawari: Tarihin Saita Kiɗa Daga Hawai Zuwa Ƙonni

Bara, daren bikin rufe shekara a lakwal ɗinmu, an ba mu minti goma mu yi waƙa gaban iyaye da malamai. Abokina mai kaɗa gita ya saita tsirkiyoyinsa tun ƙarfe huɗu na la'asar, cikin aji mai rufin kwano, zafin watan Yuni yana dukan kowa. Ya jingine gitar a kusurwa, muka tafi wanka. Kafin a kira mu wajen ƙarfe goma na dare, hadari ya taso daga gabas, iska mai sanyi ta kaɗa, ƙura ta lafa. Muna hawa dandamali ya buga na farko, kowa ya ji akwai matsala. Yarinyar da ke rera waƙa ta bi gita sama, ta dawo ƙasa, ta rasa inda za ta tsaya. Ƴan ajin ƙarshe suka fashe da dariya. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Washegari muka kai kuka wurin wani dattijo a unguwarmu, wanda ya yi goge a ƙuruciyarsa kafin ya ajiye. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce: "Ɗiyana, wa ya ce muku tsirkiya tana da alkawari? Abin da kunka ɗaure da rana, dare shina kwance shi." Maganar nan ce ta sa na shiga neman yadda makaɗa suka yi fama da wannan matsala, a nan gida da can nesa. Neman ya kai ni ga wata irin gita da ban taɓa gani ba sai a waya, wadda masu ita ke cewa babu abin kiɗa mai tsirkiya da ya kai ta wuyar saiti.

Dokoki uku na tsirkiya

Kafin mu yi nisa, ga abin da mushen fizik ya koya mana, wanda kowane mai gurmi ya sani ko bai taɓa shiga aji ba. Muryar tsirkiya tana bin abu uku: tsawonta, kaurinta, da ƙarfin ɗaurinta. Gajera ta fi doguwa siririyar murya. Mai kauri ta fi siririya zurfin murya. Wadda aka ja ta yi tauri ta fi sakakkiya tashi sama. Duk abin da ya taɓa ɗaya daga cikin ukun nan ya taɓa muryar.

Ƙarfe yana miƙewa da zafi, yana tsukewa da sanyi. Abin da ya same mu ke nan daren bikin: an saita waya tana da zafi, ta huce, ta tsuke, muryarta ta hau, kuma tsirkiyoyin shida ba su hau daidai da juna ba. Itace da fata da gashin doki su kuma laima suke ji. Da damina su sha danshi su saki, da hunturu su bushe su ɗaure. Wanda ke zaune a ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, sannan a kwana da bargo a Janairu, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Yaron Hawai da guntun ƙarfe

Hawai tsibirai ne a tsakiyar tekun Fasifik. A can aka haifi Joseph Kekuku a 1874. Wajen 1889, yana ɗalibi kamarmu, ya riƙa kwantar da gita a cinyarsa yana goga guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyin maimakon danna su da yatsa. Sai murya ta riƙa zamewa daga wannan mataki zuwa wancan ba tare da yankewa ba, kamar kukan goge. Ku lura da zamanin: a 1898 Amurka ta haɗiye Hawai, a watan Mayu na 1899 kuma rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni. Mutanen biyu sun rasa mulkinsu kusan lokaci guda, kowa ya rage da harshensa da kiɗansa.

Kiɗan Hawai ya shiga Amurka da ƙarfi bayan babban baje kolin San Faransisko na 1915. A farkon shekarun 1930 kamfanin Rickenbacker ya fitar da irin wannan gita mai lantarki, wadda aka yi wa laƙabi da kaskon suya saboda siffarta. Amma akwai cikas. Sandar ƙarfe miƙaƙƙiya ce, duk tsirkiyoyin da ta taɓa wuri guda take taɓa su. Haɗin muryoyin da aka saita tun farko shi kaɗai za ka samu, sai dai ka kai shi sama ko ƙasa. Don haka makaɗa suka riƙa ƙara wuya na biyu, na uku, har na huɗu, kowanne da nasa saiti, abin ya zama kamar tebur.

Daga nan dabarar feda ta zo: a sa matakai a ƙasa irin na keken ɗinki, in an taka, wani ƙarfe ya ja tsirkiya ya ƙara mata ɗauri. Da farko ana takawa ne tsakanin waƙa da waƙa, ko a ɓoye, don sauya saiti. A ƙarshen 1953 wani makaɗi mai suna Bud Isaacs ya taka feda a tsakiyar kiɗa, tsirkiya tana cikin kuka, a wata waƙar Webb Pierce da ta mamaye gidajen rediyon Amurka a 1954. Makaɗa suka ruɗe, kowa ya nufi maƙera da masu walda a ƙera masa feda. A 1957 Buddy Emmons da Shot Jackson suka kafa kamfanin Sho-Bud, kuma a birnin Nashbil aka daidaita siffar da ake gani yau. Turawa na ce mata pedal stil. Mu ce mata gitar feda.

Me ya sa ba ta zama wuri ɗaya?

Gitar feda ta yau tana da tsirkiya 10 a wuya ɗaya, feda 3 a ƙasa, da wasu maɗanna huɗu ko biyar da ake turawa da gwiwa. Mai wuya biyu tana da tsirkiya 20 da feda 8. A ƙarƙashinta akwai sanduna da ƙugiyoyi da sifirin, kai ka ce cikin injin niƙa ne. Feda ta farko tana ɗaga tsirkiya ta 5 da ta 10 daga si zuwa do diyez. Ta biyu tana ɗaga ta 3 da ta 6 daga sol diyez zuwa la. Wato tsirkiya guda tana da murya biyu ko uku, kuma kowace murya sai an saita ta daban.

Ga yadda mai ita ke yi kafin wasa. Da farko yakan bar ta ta sha iskar wurin, ya goga tafin hannu a kan wayoyin su ɗauki ɗumi, don in ya saita su da sanyi, hannunsa da fitilun dandamali za su sauke su. Sai ya saita tsirkiyoyin a sake, da maɓallan da ke gefen hagu, yana hawowa daga ƙasa zuwa muryar da yake so. Bayan haka ya taka feda ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki ɗan sufana ya juya ƙananan notin roba da ke gefen dama, har muryar takawa ta zauna. In ya rikita wannan jeri, ya gyara noti alhali tsirkiyar sake ce ta kauce, to ya ɓata duka biyun.

Ko ya gama, aljanun abin ba su ƙare ba. Na farko: in ya taka feda biyu tare, ƙarfin jan yana lanƙwasa jikin gitar kaɗan, sai tsirkiyoyin da ba a ja ba su ɗan sauka. Na biyu: tsirkiyar da aka saukar da gwiwa aka sake ta ba ta komawa daidai inda ta baro, takan tsaya sama kaɗan saboda gogayya a kan ƴan tayoyin da take bi, shi ya sa ake ɗiga musu mai. Na uku: tsirkiya ta 3 siririya ce ƙwarai, kuma ita aka fi ja da saki, don haka ita ke yawan tsinkewa, sabuwa kuma sai ta gama miƙewa kafin ta natsu.

Na huɗun ya fi su duka, don shi lissafi ne. In ka raba tazarar da ke tsakanin maɓalli biyu maƙwabta na fiyano gida 100, haɗin mi da sol diyez a fiyano gida 400 ne. Amma inda kunne ke jin muryoyin biyu sun kwanta lami lafiya, ba sa rawa, gida 386 ne. Bambancin 14 ke nan. An yi wa fiyano haka da gangan, an raba ƴar karkata ga kowa domin a iya kiɗa daga kowane mataki. A gitar feda kuwa, inda murya ke daɗewa tana kuka, wannan 14 tana damun kunne. Shi ya sa makaɗa da yawa ke sassauta sol diyez ɗinsu ƙasa da abin da na'urar awo ta nuna. Sai wata rigimar ta ɓullo: tsirkiyar fa diyez da ta dace da si, in an taka feda ba ta dace da do diyez ba. Wasu suna ƙara sanda ta musamman don wannan kaɗai, wasu suna karkata sandar hannu su rufe aibin. Shekaru da dama ana gardama tsakanin masu bin na'ura da masu bin kunne. Duniya ta amince cewa la tana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, an yi taro a kai a Landan a 1939, hukumar ma'aunai ta duniya ta ɗauka a 1955, amma taro bai hana waya jin zafi ba.

Yadda ta iso maƙwabta

Gitar feda ta zo kusa da mu fiye da yadda kuke zato. A ƙarshen shekarun 1970 King Sunny Ade, sarkin kiɗan juju na Yarabawa, ya shigar da ita cikin ƙungiyarsa, Demola Adepoju yana kaɗa ta tare da kalangu da gitoci. Faifansu na 1982 da kamfanin Island ya fitar ya kai wannan sauti Turai da Amurka, kuma a 1986 Adepoju ya kaɗa a faifan Graceland na Paul Simon. Kayan da aka ƙera don kiɗan ƙauyen Amurka ya koma can da harshen Yarabanci a bakinsa. Dalilin dacewar a fili yake: Yarabanci harshe ne mai hawa da sauka kamar Hausa, kuma abin kiɗan da ke zamewa tsakanin muryoyi yana iya bin magana, kamar yadda kalangu ke yi in an matse tsarkiyarsa a hammata.

Mahaifina ya ce a shagunan Yarabawa masu sayar da kayan keke da kwanoni ya fara jin wannan kuka, a kaset ɗin da ake shigowa da su ta Illelar Najeriya. Shi da abokansa sun ɗauka wani irin goge ne na mutanen kudu. Kuskurensu bai yi nisa ba.

Namu na gida

Yanzu mu dawo Adar da kwarin Majiya. Goge ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza ko damo, aka soka mata sanda, aka ɗaura tsagiya, wato gashin wutsiyar doki, ta bi ta kan ɗan itacen da ake kira jaki. Ba ta da maɓalli ko ɗaya. Dattijon unguwarmu ya nuna mana yadda ake yi: a wuyan sanda akwai ɗaurin fata da ake turawa sama ko ƙasa, wannan shi ne babban gyara. Ƙaramin gyara kuwa da ɗan ƙaho ake yi, a cusa shi ƙarƙashin tsagiya ta gindin ƙwarya, in an ƙara tura shi murya ta hau. Jaki ma ana matsar da shi. Sai a goga ƙaro a izga don ta kama. Ku dubi tsarin da kyau: babban gyara a gefe ɗaya, ƙarami a ɗaya gefen. Abin da mai gitar feda ke yi da maɓalli da noti ke nan.

Molo mai tsirkiya uku da garayar mafarauta mai biyu, su ma da zoben fata ake ɗaure tsirkiyoyinsu a jikin sanda. Zoben yana zamewa, musamman in fatar ta bushe, shi ya sa za ka ga makaɗi ya jiƙa shi da yawu ya murɗa. Da damina fatar ƙwarya takan saki, jaki ya nutse, murya ta mutu, sai a shanya ta a rana ko a kanga ta a gefen garwashi, ba kusa sosai ba kada ta tsage. Da hunturu kuma tsoron fashewa ake yi, sai a naɗe ta cikin zane. Wannan lanƙwasar jiki da ke damun Ba'amurke a ƴan gidaje biyu ko uku cikin ɗari, mai gurmi yana fama da babbarta kullum.

Kayan ma sun sauya da zamani. Inda ake sa jijiya ko gashin doki, zaren kamun kifi na leda da wayar birkin keke sun shigo, don sun fi arha kuma ba sa jin laima sosai. Dan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Mdou Moctar, ɗan arewacin jiharmu ta Tawa, ya ƙera gitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, yau ga shi yana wasa a manyan dandamalin Amurka da Turai. Wanda ya fara da irin wannan gita, dole kunnensa ya yi kaifi, tunda babu na'urar da za ta gaya masa gaskiya.

Babban bambancin shi ne abin da ake saitawa a kai. Na tambayi dattijon: "Baba, da mi kuke auna daidai?" Ya taɓa maƙogwaronsa. Ya ce mai goge da muryar mai waƙa yake ɗaurewa. In zabiya ta kwana tana waƙa muryarta ta dushe, sai a sauke tsagiya a same ta inda take. In da safe ne murya tana da ƙarfi, a ɗaga. Ya ce: "Goge bawan murya ne, yaro. Ku yanzu kun maida murya baiwar fiyano." Na yi shiru, don na san abin da yake nufi. A situdiyoyin da samarinmu ke zuwa, fiyanon lantarki ba ya sauka ba ya hawa, kuma tun 1997 akwai manhajar Auto-Tune da ke jan muryar mawaƙi ta dole zuwa matakan fiyano. Ba na zagin situdiyo, ni ma waƙoƙin nan nake ji a waya. Sai dai matakai biyar da galibin waƙoƙinmu na gargajiya ke tafiya a kai ba lallai su faɗa daidai kan maɓallan fiyano ba, kuma ɗan abin da ke tsakani, wanda na'ura ke ɗauka kuskure ne ta goge, sau da yawa shi ne gishirin waƙar.

Abin da ke shirin ɓata

Mun san sunan Kekuku, da shekarar da Isaacs ya taka feda, da yadda Emmons ya tsara tsirkiyoyinsa, saboda an rubuta. Masu gitar feda suna da al'adar zana jadawali: tsirkiyoyi a jere, fedoji a sama, kowane gida ya nuna abin da feda ke yi wa tsirkiya. Makaɗi ya mutu, jadawalinsa yana nan, yaro a wata ƙasa ya ɗauka ya saita tasa daidai da ta mamacin. Namu ilimin a kunne da yatsu yake, daga uba zuwa ɗa, daga maigida zuwa bara. In sarƙar ta tsinke sau ɗaya, shi ke nan. Za a iya rataye goge a gidan tarihi na Yamai shekara ɗari, amma ƙwarya da sanda ba za su faɗa wa kowa inda ake tsayar da ƙaho ba.

Wannan ya kusa faruwa a ƙasarmu. Biram abin kiɗa ne mai tsirkiya biyar na Buduma masunta tafkin Chadi. Da aka wayi gari masaninsa ɗaya ya rage, Boukar Tar, sai Malam Maman Barka, malamin makaranta kuma gwanin gurmi, ya samu tallafin UNESCO a 2002 ya tafi ya zauna wurin tsohon ya koya. Barka ya rasu a 2018, amma ya bar faifai da ɗalibai. Da ya yi jinkirin ƴan shekaru, da biram ya zama kayan ado. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, a Tawa kuma an yi gasar kiɗa mai sunan Dan Gurmu, makaɗin Adar. Duka abin yabo ne. Amma gasa waƙar da aka gama take nunawa. Minti biyar ɗin da makaɗi ke yi a bayan rumfa yana murɗa fata yana kasa kunne, ba wanda ke ɗauka.

Na san wasu za su ce kiɗa ba sana'ar ɗan lakwal ba ce, ko su ce iyayensu ba za su so a gan su gidan makaɗa ba. Dattijon da nake ba ku labari shi ma ya ajiye goge don dalilinsa na addini, kuma ban ga laifinsa ba. Amma da na tambaye shi a matsayin mai neman tarihi, bai ɓoye mini komi ba, har ya yi murna da aka tambaya. Rubuta yadda kakanni suka yi abu ba ya tilasta wa kowa ya yi shi.

Don haka ga roƙona ga ƴan ƙungiya, mu da muka fito daga Ƙonni, Tsarnawa, Malbaza, Dogarawa, Galmi, Illela da Badagishiri. Hutun nan mai zuwa, kowa ya nemi mai goge, ko mai molo, ko mai gurmi ɗaya a garinsu, ya gaishe shi da goro, ya nemi izini. Kada ka ce ya yi maka waƙa tukuna. Ka ce ya kwance tsirkiyar ya sake ɗaura ta a gabanka, ka kunna waya ka ɗauka tun daga farko. Ka rubuta a kaye sunan kowane sashe yadda ya faɗa, da irin fatar, da irin tsirkiyar, da wanda ya koya masa, da ranar da lokacin, da ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Ka auna tsawon tsirkiya daga jaki zuwa ɗauri da rular aji. In Allah ya kai mu hunturu, ka koma wurin mutumin nan ka sake ɗauka. Faifai biyu na goge ɗaya, na Agusta da na Janairu, za su nuna mana abin da littafin fizik ya faɗa, da kuma abin da hannun makaɗi ke yi a kai.

Abokina kuwa ya koyi darasinsa. Bana ya fito da gitar waje tun magariba, ya bar ta ta sha iskar fili, ya saita ta gab da hawa, ya kira mai waƙar ta ba shi muryarta kafin ya taɓa maɓalli. Tsakanin waƙa ta farko da ta biyu ya sunkuya ya sake gyara tsirkiya ta uku, mutane suna jira, ba wanda ya yi dariya.